Gasasshen Jatan Lande da Miyar Dangwale ta Lemo

   

Yau da tambaya zan fara. A cikinku wa ya taɓa cin jatan lande? Na san da yawa za su ce su kam ba su taɓa ba, wasu ma har da yamutsa fuska, wai wannan ai abincin mutanen bakin teku ne. To uwargida, leƙa kwandon kayan miyarki. Karafish ɗin nan da kike dakawa ki zuba a miyar kuɓewa, ko a alala, ko a faten doya, ai shi ne. Ƙananan jatan lande ne da masunta ke kamawa a gaɓar teku, a wurare irin su Oron ta jihar Akwa Ibom da yankin Kalaba, a yi musu banda, a ɗuro su a buhu zuwa kasuwanninmu. Ashe wanda muke wa kallon baƙo ya daɗe da zama ɗan gida. Abin da bai saba shigowa ɗakin girkinmu ba shi ne babbansa, ɗanye, wanda tsawonsa kan kai ɗan yatsa ko ya fi. A kansa za mu yi magana yau: yadda za ki gasa shi ya zama abincin dare mai sauƙi, ki haɗa shi da miyar dangwale ta kindirmo da lemo.

Kafin mu ɗora tukunya, bari mu kawar da wani kokwanto. Akwai masu tambaya ko ya halatta a ci shi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar Hausa ke bi, dabbobin ruwa halal ne, kuma ba sa buƙatar yanka. Jatan lande yana cikinsu. Wanda yake son ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malaminsa.

Me ya sa na zaɓo shi, alhali ga kaza ga naman shanu? Saboda abin da na lura da shi game da abincinmu na dare. Mutum ya wuni a kasuwa ko ofis, ya dawo a gajiye bayan magariba, sai a ajiye masa abinci mai nauyi, man yana iyo a saman miya, dunƙule uku ko huɗu a ciki, ga gishiri. Ya ci ya kwanta. Shekara da shekaru a haka, sai ka ji an ce likita ya gano hawan jini ko ciwon suga. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a gidaje da yawa ana samun mai shan maganin ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule da burodi. Ki auna wannan da abin da ke shiga tukunyarki.

Shi kuwa jatan lande, a giram 100 na dafaffensa akwai furotin, sinadarin gina jiki, da ya haura giram 20, kitsensa bai kai giram 1 ba, kuma kalorinsa wajen 100 ne kacal. Ki kwatanta da babban cokali ɗaya na man girki, wanda shi kaɗai kalorinsa ya kai 120. Kin ga ke nan idan kika tsoma shi a kaskon mai kika soya, kin rushe amfanin da kika je nema. Dalilin da ya sa muka ce gashi ke nan, ba suya ba. Yana kuma ɗauke da bitamin B12 mai taimakon jini da jijiyoyi, da sinadarin ayodin, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo. Mu da muke nesa da teku, tarihinmu da maƙoƙo sananne ne, shi ya sa aka wajabta sa ayodin a gishirin da ake sayarwa.

Wani zai ce ya ji jatan lande yana da kolestarol. Gaskiya ne, yana da shi, kusan miligiram 190 a giram 100. Amma abin da masana abinci suka fahimta shi ne, ga yawancin mutane, daskararren kitse irin na kitsen dabba ya fi ɗaga kolestarol ɗin jini fiye da wanda ake ci a cikin abinci kai tsaye, shi kuwa jatan lande kusan ba shi da irin wannan kitse. A shekarar 2015 ma hukumomin Amurka sun cire iyakar miligiram 300 a yini daga cikin shawarwarinsu na cin abinci. Duk da haka, wanda likita ya kafa wa doka a kan abinci, maganar likitansa ce gaba da tawa.

To mu tafi kasuwa, domin a nan ne rabin aikin yake. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma jiragen kamun kifi na Legas da yankin Neja Delta suna kama manyan jatan lande har a fitar da su Turai. Amma daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Saboda haka mu a nan arewa, daskararre za mu samu, a shagunan masu kifin ƙanƙara da manyan kantuna na birane irin su Kano, Kaduna da Abuja. Kada wannan ya sa ki ji an rage miki wani abu. Wanda aka daskarar tun yana sabon kamu ya fi wanda ya wuni a faranti ana kora masa ƙuda.

Matsalarmu ita ce wutar lantarki. Firiza ta yi sanyi, wuta ta ɗauke, kaya su narke, wuta ta dawo, su sake daskarewa. Jatan lande ba ya jure wannan. Don haka idan kin ɗauki leda, ki duba da kyau. Idan kika ga duk sun manne sun zama curi guda, ko ƙanƙara ta taru a gindin ledar kamar ruwan da ya kwanta ya daskare, alama ce ya taɓa narkewa. Ajiye musu kayansu. Wanda aka adana da kyau za ki ji ɗaiɗaikunsa suna motsi a cikin leda idan kin girgiza. Sannan ki yi amfani da hancinki. Lafiyayyen jatan lande ƙanshin ruwan gishiri yake yi, ɗan kaɗan. Idan kika ji wari mai hawa kai, mai kama da zarnin fitsari, ya lalace, kuma babu yajin da zai gyara shi, babu wutar da za ta mayar da shi abin ci. Maigida, idan kai ne mai cefanen, ka saye shi a ƙarshe, bayan ka gama sauran sayayya, ka wuce gida kai tsaye. Kada ka bar shi a bayan mota ka tsaya hira a majalisa.

Rabin kilo ya ishi mutum huɗu idan akwai abin haɗawa. Na san ba shi da araha, kuma ba na cewa ya zama abincin kullum. Sau ɗaya ko biyu a wata ma an yi ƙoƙari. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya saurari hanyar girkin, domin tana aiki a kan karfasa da tarwaɗa, sai dai su sun fi shi daɗewa a wuta.

Kin iso gida. Yaya za ki narkar da shi? Idan firij ɗinki na samun wuta, ki sauko da shi daga firiza ya kwana a ƙasan firij cikin rufaffen kwano. Idan kuma sauri kike, ki ɗaure shi a leda ki nutsa a ruwan sanyi, cikin minti 15 zuwa 20 ya saki. Ban da ruwan zafi, ban da shanya shi a rana, domin bayansa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su fara yaɗuwa tun cikinsa na daskare. Kuma abin da ya narke kada ya koma firiza. Ki ciri iya wanda za ki dafa.

Gyaransa ba wuya. Ki kama kan ki murɗe. Ki sa yatsa ta wajen ƙafafun ki ɓare ɓawon, amma ki bar jelar, domin da ita za a riƙa kamawa a dangwala miya. Sai ki ɗan tsaga bayansa da wuƙa, ba da zurfi ba, za ki ga wani siririn zare baƙi ya miƙe daga wuya zuwa jela. Hanjinsa ne. Ki sa tsinken sakace ki zare shi, domin yakan ƙunshi yashi ya sa abinci ƙurus-ƙurus a baki. Kawunan da ɓawon kuwa kada ki zubar. Ki tafasa su da albasa na minti 20, ki tace, kin sami romon da zai ɗaga miki dafa-duka ko miyar gobe ba tare da kin nemi dunƙule ba. Bayan kin gama, ki wanke hannunki da wuƙar da katakon da sabulu kafin ki taɓa lemo ko ganyen da za a ci ɗanye.

Yanzu ki kunna obin ya fara ɗaukar zafi, a kan digiri 200 na ma'aunin salshiyos. Kafin ya yi zafi, mu haɗa miyar dangwale, domin ta fi daɗi idan ta ɗan zauna kayan cikinta suka ratsa juna.

A ƙasashen Turawa sukan yi irin wannan miya da mayonis, wanda akasarinsa mai ne. Mu Allah ya hore mana abin da ya fi shi, wato kindirmo. Ki sami kofi ɗaya na kindirmo mai kauri, marar sukari, wanda kika tabbatar an dafa madararsa kafin a kwantar da shi. Wannan sharaɗin ba na wasa ba ne, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar da ke kama dabbobi ta sa wa mutum zazzaɓi mai daɗewa. Idan kindirmon ya yi ruwa, ki zuba shi a tsaftataccen farin ƙyalle ki rataye na ɗan lokaci, ruwan ya tsiyaye.

Sai lemo. Ki ɗauki lemon tsami ɗaya da lemon zaƙi ɗaya, irin na Binuwai da ake jibgewa a kasuwanninmu. Ki wanke su sosai. Ga wani sirri da mutane da yawa ba su sani ba: ƙanshin lemo a ɓawonsa yake, tsamin ne a ruwansa. Ki matsa ɓawon lemo kusa da hancinki, za ki ji wani ɗan mai ya fesu, to shi muke nema. Saboda haka kafin ki yanka, ki sa abin gogar kuɓewa, ɓangaren ƙananan ƙofofi, ki goge saman ɓawon a hankali. Koren ko ruwan ɗorawar kawai za ki ɗiba. Da kin ga fari ya bayyana ki juya gefe, domin farin nan ɗaci gare shi. Ki zuba gogaggen ɓawon a kindirmo. Ki murza lemon tsamin a kan tebur da tafin hannu don ya saki ruwa, ki yanka ki matse duka. Lemon zaƙin kuma rabi ya isa. Ki daka ƙwayar tafarnuwa ɗaya ƙarama ta yi laushi, ki zuba. Ki ƙara ƙaramin cokali na zuma, da ɗan barkono, da gishiri iya abin da yatsu biyu suka ɗauko, da yankakken lawashi ko na'ana'a. Ki juya, ki ɗanɗana. Idan tsamin ya yi yawa, ƙara ruwan lemon zaƙi. Idan kuma kika ji kamar da sauran wani abu, kafin hannunki ya kai ga gishiri, gwada ƙarin ɗigon lemon tsami. Sau da yawa abin da harshe ke nema ke nan, kuma wannan dabara ce da mai hawan jini zai amfana da ita a kowane irin girki. Ki rufe, ki ajiye a wuri mai sanyi.

Mu koma kan jatan lande. Ki tsane shi da tsaftataccen ƙyalle har ya bushe. Idan ya shiga obin da ruwa a jikinsa, turara zai yi maimakon gasuwa. Ki zuba masa babban cokali biyu na man gyaɗa ko man zaitun, da dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya uku, da ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa, da masoro, da barkono gwargwadon yadda gidanki ke so, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki cuɗa da hannu ko'ina ya samu. Mai son ɗanɗanon tsire yana iya barbaɗa yajin ƙuli, amma sai ya rage gishirin, tunda yajin yakan zo da nasa.

Kada ki jiƙa shi a ruwan lemon tsami ki bar shi ya daɗe, yadda wasu ke yi wa kaza. Tsami yana taurara namansa kamar yadda wuta ke yi. A ƙasar Peru akwai wani shahararren abinci da ake kira sebice, inda ake jiƙa ɗanyen kifi a ruwan lemon tsami har ya yi fari kamar dafaffe. Amma kama da wane ba ta wane. Tsami yana sauya kalar nama, ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda wuta ke kashewa. Mu namu lemon, sai an sauke za mu matsa.

Ki jera su a tiren gashi ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya hau kan wani. Ki sa a obin da ya riga ya yi zafi. Minti 8 zuwa 10 ga matsakaita, ƙanana ma minti 6 sun isa.

Nan nake so ki ba ni kunnenki da kyau, domin a nan ne mafi yawan masu gwadawa ke yin asara. Mu mun taso da naman da ke son wuta. Ganda, ƙafar sa, kan rago, tsohuwar kazar gida, duk sai sun sha dahuwa kafin su yi laushi, saboda jijiyar da ke cikinsu sai a hankali take narkewa. Shi ya sa hannunmu ya saba, muna ganin duk abin da bai daɗe a wuta ba bai nuna ba. Jatan lande akasin haka yake. Ba shi da wata jijiya mai tauri da za a jira ta saki. Da zafi ya ratsa shi ya nuna, duk mintin da ya ƙara bayan nan ruwan jikinsa yake matsewa. Na sha ganin mace ta kashe kuɗi ta saye shi, ta ba shi rabin sa'a a wuta, ya fito ya ƙanƙance yana tauri kamar roba, sai ta yanke hukuncin cewa abin ba shi da daɗi. Alhali da ta sauke da wuri, da ta ci nama mai taushi da ɗan zaƙi-zaƙi.

Yaya za ki gane ya yi? Da ido. Ɗanyensa ruwan toka ne, kuma kamar kina hango cikinsa. Idan ya nuna, bayansa ya koma ja-ja mai haske, naman ya yi fari sol har tsakiya. Sannan ki dubi lanƙwasarsa. Idan ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ko kamar lauje, ya yi daidai, sauke. Idan kai da jela suka haɗe ya zama zobe, ya wuce. Ki tsaga mafi girma a cikinsu ki duba, matuƙar babu sauran ruwan toka a tsakiya, an gama. Mai ma'aunin zafin abinci kuma, digiri 63 ake nema a cikin naman. Kuma ki kwashe su daga tiren nan take, domin zafin ƙarfen zai ci gaba da dafa su.

Wadda ba ta da obin fa? Ba a bar ki a baya ba. Yadda mata ke gasa kek a tukunya, haka za ki yi. Ki zuba yashi mai tsafta a gindin babbar tukunya, ki rufe ta yi zafi sosai, ki ɗora farantin ƙarfe a kan yashin, ki mayar da murfi. Ko ki soke su a tsinke kamar tsire, ki ɗora a wayar gashi bisa garwashin da ya daina hayaƙi, minti 2 zuwa 3 kowane gefe. A gaskiya ni na garwashin ya fi kwanta mini, saboda ƙanshin da yake bayarwa.

Abin haɗawa ya zama marar nauyi. Acca tana nuna cikin 'yan mintoci. Dafaffen dankalin Hausa ya dace, haka gurasa, haka kwaɗon zogale, ko yankakken kabeji da tumatir da gurji. Ki matsa lemon tsami a kan jatan landen yana da zafinsa, ki ajiye kwanon miya a tsakiya, kowa ya kama jela ya dangwala. Idan da zogale a farantin, akwai ƙarin riba, domin bitamin C na lemo yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye.

Saura gargaɗi, kuma ina roƙon a saurara da kyau. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa da danginsu. Da sun ci sai ƙaiƙayi, ko borin jini, ko amai, ko kumburin leɓe da fuska. Dafawa ba ta kawar da wannan. Duk wanda karafish ke tayar masa da irin haka, kada ya kusanci wannan abinci ko da ɗanɗane. Idan kuwa wani ya ci sai maƙogwaronsa ya fara shaƙewa, numfashi na yi masa wuya, ko jiri ya ɗebe shi, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a garzaya da shi asibiti nan take, domin abin yana iya kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Yaron da bai taɓa ci ba, a fara masa da ɗan kaɗan, da rana, ana lura da shi. Mai asma ya duba rubutun jikin leda, saboda wasu kamfanoni na sa sinadarin salfayit don hana ɓawon yin baƙi, kuma yana tayar wa wasu da ciwon. Mai ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut ya rage yawan da zai ci. Mai juna biyu kuwa tana iya ci, domin yana cikin abincin ruwa masu ƙarancin gubar makuri, sharaɗin dai ya nuna sosai.

Abin da ya rage kada ya wuce sa'a 2 a waje, a lokacin bazara kuwa, da zafi ke haura digiri 32, sa'a 1 ce. Idan ba ki da tabbacin wutar firij, ki dafa iya wanda za a cinye a zama ɗaya. Ba irin miyar da ake ɗumamawa da safe ba ce.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Uwargida, ranar da kika tashi gwadawa, ki ajiye agogo ko wayarki kusa da murhu, kada ki bar ɗakin girkin, da minti 8 ya cika ki buɗe ki duba.